Henry Fenton (1854-1929): Malamin Da Ya Ga Launi, Na Bayansa Suka Nemo Dalili

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Mubi ya san inda masu tsamiya suke zama, an cura ta curi-curi ana jiran masu kunu. Haka kuma da wuya a sami kyamis a garin da ba a ajiye 'yar kwalbar nan ta ruwan wanke ciwo ba, wanda muke kira haidirojin, cikakken sunansa kuwa haidirojin feroksaid, wato wanda in an zuba shi a kan rauni sai ya taso da kumfa. Ƙarfe kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, yana maƙera, yana kuma cikin jinin kowannenmu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, sinadarin da ke sa tsamiya tsami, da ƙarfe, da wannan haidirojin, su ne suka taɓa haɗuwa a cikin kwalbar gwaji a Ingila a shekarar 1876, suka fitar da sunan wani ɗalibi wanda har yau masana ilimin haɗa sinadarai da likitoci ba su daina ambatonsa ba. Wannan ɗalibi shi ne Henry John Horstman Fenton, kuma tarihinsa ne wannan maƙala za ta kawo wa mai karatu, tare da bayanin abin da ya gano.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Fenton a unguwar Ealing da ke yammacin birnin Landan ran 18 ga Fabrairu, 1854, wato a zamanin da Lamiɗo Lawal ke sarauta a Yola. Ya yi karatun sakandare a makarantar Kwalejin Magdalen ta Okasfod, daga nan ya wuce Kwalejin King's ta Landan inda ya fara nazarin sinadarai, sa'annan ya shiga Jami'ar Kambirij, ya zama ɗalibin Kwalejin Christ's. Daga shigarsa Kambirij bai sake barin ta ba sai da ya tsufa ya ajiye aiki.

Launin Shunayya

Yana ɗalibi ɗan shekara 22 abin ya faru. An ruwaito cewa wani abokin karatunsa ne yake wasa da kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, yana zuba wannan a kan wancan ba da wata manufa ba, sai ya ga ruwan ya rikiɗe ya koma launin shunayya, ya kira Fenton ya nuna masa. Shi abokin a nan ya tsaya, har tarihi bai riƙe shi da komai ba. Fenton kuwa sai ya zauna ya bi diddigi, ya ware abubuwan da aka zuba ɗaya bayan ɗaya har ya gano waɗanda suka haifar da launin. Na farko shi ne asid ɗin tatarik. Turawa daga ɓawon da ke daskarewa a cikin gangunan ruwan inabi suke samun sa, amma shi ne dai wanda ke cikin tsamiyarmu, domin tsamiya tana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan sa a duniya. Na biyu gishirin ƙarfe, irin mai launin kore-kore. Na uku haidirojin feroksaid, wanda Bafaranshe Louis Jacques Thénard ya gano tun 1818. In an haɗa ukun nan, aka biyo su da sinadari mai kashe tsami, dangin sodar yin sabulu, sai shunayya ta bayyana.

Ya rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga mujallar Chemical News a cikin 1876. A lokacin bai ɗauki abin da wani girma ba. Abin da ya hango kawai shi ne an sami hanyar gane asid ɗin tatarik idan yana cikin wani ruwa, tun da sauran 'yan'uwansa, irin na lemon tsami, ba sa ba da wannan launi.

Shekara Goma Sha Takwas

A 1878 jami'a ta ɗauke shi aikin nuna wa ɗalibai yadda ake gwaji, ƙarƙashin Farfesa George Liveing. Aiki ne mai cin lokaci, kullum mutum yana tsaye a kan ɗalibai. Duk da haka launin nan bai fita daga ransa ba. Sai a 1894, bayan shekara 18, ya fitar da cikakkiyar maƙala a mujallar Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Landan a kan yadda asid ɗin tatarik ke sauyawa idan akwai ƙarfe a wurin. Wannan maƙala ita ce ake komawa gare ta duk lokacin da aka ce haɗin Fenton.

Abu biyu ya tabbatar a ciki. Na farko, ƙarfe ɗan kaɗan ya isa ya sarrafa asid mai yawa, wanda ke nuna cewa ƙarfen ba ƙarewa yake yi a cikin aikin ba, dillali ne kawai, yana ƙulla ciniki ya koma ya ƙulla wani. Na biyu, ya yi nasarar fitar da sabon sinadarin da ke samuwa, ya mayar da shi ƙanƙara-ƙanƙara kamar gishiri, ya auna shi. Asid ɗin tatarik ana rubuta shi C₄H₆O₆, sabon kuwa C₄H₄O₆, ma'ana an fizge masa ƙwayoyin zarra biyu na haidirojin. Wannan sabon asid ne idan ya kama ƙarfe yake ba da shunayya.

Daga nan ƙofa ta buɗe masa. Ya gwada haɗin a kan giliserin da sauran sinadarai dangin sukari, shi da wani abokin aikinsa Henry Jackson, suka ga yana aiki. Daga sabon asid ɗin kuma ya samo gilaikol-aldihaid, wanda ake ɗauka a matsayin ƙaramin ɗan'uwan sukari. Ya kuma yi aiki da Mildred Gostling ta Kwalejin Newnham, a zamanin da Kambirij ba ta ba mata digiri ko sun ci jarrabawa, kuma sunanta ya fito tare da nasa a kan maƙalun da suka rubuta. A 1899 aka zaɓe shi ɗan babbar Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya.

Abin mamaki, duk da wannan sai a 1904 aka ba shi muƙamin lakcara, bayan ya shekara 26 yana nuna gwaji. Bai taɓa zama farfesa ba. Da Liveing ya sauka a 1908, William Pope aka naɗa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ce mutum ne mai kunya, ba mai son shiga taro ba, amma gwani ne a aji. Littafinsa na koyar da yadda ake tantance sinadarai an sake buga shi sau da dama. Ya ajiye aiki a 1924, ya rasu ran 13 ga Janairu, 1929, saura 'yan makonni ya cika shekara 75.

Abin Da Bai Iya Gani Ba

Fenton ya bar duniya bai bayyana dalilin da ya sa ƙarfe da haidirojin feroksaid, waɗanda kowannensu shi kaɗai ba ya yi wa asid ɗin tatarik komai na a-zo-a-gani, suke zama masu ƙarfi haka idan sun haɗu ba. A ganina bai kamata a ɗora masa laifi ba. Amsar tana rataye ne a kan ilektron, shi kuwa ilektron sai a 1897 J. J. Thomson ya gano shi, a nan cikin Kambirij ɗin, shekara uku bayan maƙalar Fenton. Batun cewa ilektron biyu-biyu suke zama su ɗaure ƙwayoyin zarra da juna kuwa, sai a 1916 Gilbert Lewis na Amurka ya zo da shi. Mutum ba ya bayani da kalmar da ba a ƙirƙiro ba tukuna.

Wanda ya kawo bayanin shi ne Fritz Haber, Bajamushe, tare da matashin mataimakinsa Joseph Weiss. Haber mutum ne mai fuska biyu a tarihi. Shi ya gano hanyar haɗa amoniya daga iska, wadda ita ce tushen takin zamanin da manomanmu ke saye buhu-buhu, aka ba shi kyautar Nobel ta 1918 a kan haka. Shi ne kuma ya jagoranci amfani da iskar guba a fagen daga a 1915, a yaƙin da ya raba Jamusawa da ƙasar Kamaru, wadda Mubi ke cikinta a lokacin. A 1932 shi da Weiss suka fara wallafa ra'ayinsu. A 1933 gwamnatin Hitler ta fara korar Yahudawa daga aiki, Haber kuwa asalinsa Bayahude ne, sai ya ajiye muƙaminsa a Balin ya fita. Wanda ya gayyace shi kuwa shi ne William Pope, ya zo Kambirij, sashen da Fenton ya yi shekara 46 yana koyarwa. Bai daɗe ba, domin ya rasu a Basel ta Suwizalan ran 29 ga Janairu, 1934. Babbar maƙalarsu ta fito a cikin wannan shekara bayan rasuwarsa.

Yadda Abin Yake Faruwa

A nan ina roƙon mai karatu ya ɗan yi haƙuri, domin a nan ne naman yake.

Ruwan sha ana rubuta shi H₂O. Haidirojin feroksaid kuwa H₂O₂, wato ruwa ne da aka ƙara wa oksijin ɗaya. Oksijin biyun nan suna riƙe da juna a tsakiya, kowanne da haidirojin ɗaya a gefensa, kuma riƙon ba mai ƙwari ba ne. Shi kuma ƙarfe idan ya narke a ruwa yakan zauna a hali biyu. Akwai wanda ya rasa ilektron biyu, ana rubuta shi Fe²⁺, shi ne mai kore-kore. Akwai wanda ya rasa uku, Fe³⁺, shi ne mai launin tsatsa. Sauyawa daga wannan hali zuwa wancan abu ne mai sauƙi a wurin ƙarfe, ilektron ɗaya ne kawai zai bayar ko ya karɓa.

To idan Fe²⁺ ya gamu da H₂O₂, sai ya miƙa masa ilektron ɗaya. Riƙon tsakiyar nan sai ya tsinke, feroksaid ya rabe gida biyu:

Fe²⁺ + H₂O₂ → Fe³⁺ + OH⁻ + •OH

Rabin da ya karɓi ilektron, wato OH⁻, ya cika, ya natsu, ba shi da wata fitina. Ɗaya rabin, •OH, wanda ake kira haidiroksil, an bar shi da ilektron guda marar abokin zama, ɗigon da ke gefensa shi yake nuna haka. Ni dai ban sami sunan da ya fi dacewa da irinsa ba kamar gwauro. Wannan gwauro ba ya iya zama haka nan. Duk abin da ya fara cin karo da shi, mai ne, sukari ne, rini ne, sai ya fizge masa haidirojin ɗaya shi ya koma ruwa, ya bar wancan da gwaurantaka, shi ma ya shiga neman wanda zai fizga. A cikin jikin mai rai ba ya wuce wajen kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kafin ya afka wa wani abu. Shi ya sa Fenton bai gan shi ba, ɓarnarsa kawai ya gani, wato haidirojin biyun nan da suka ɓace daga asid ɗin tatarik.

Saura batun dillanci. Fe³⁺ ɗin da ya samu yakan gamu da wani H₂O₂ ya karɓo ilektron ya koma yadda yake:

Fe³⁺ + H₂O₂ → Fe²⁺ + HO₂• + H⁺

Da haka ƙarfe ɗaya zai yi ta zagayawa. Sai dai wannan mataki na biyu yana da nawa ƙwarai idan aka gwada shi da na farko, shi ya sa haɗin yakan fara da zafi sa'annan ya lafa. A gwajin Fenton an yi sa'a, domin sabon asid ɗin da ke samuwa shi kansa yana mayar da Fe³⁺ zuwa Fe²⁺, sai aikin ya ci gaba. Tsarin matakan da ake koyarwa a yau ya fi dogara ne a kan gyaran da Barb da Baxendale da George da Hargrave suka yi wa na Haber da Weiss a 1951.

Akwai sharuɗɗa. Dole ruwan ya kasance mai tsami, wajen 3 a ma'aunin pH, kusan tsamin jiƙon tsamiya ke nan. In tsamin ya ragu, Fe³⁺ sai ya kwanta a ƙasa kamar laka mai launin tsatsa, dillali ya bar kasuwa. Haka kuma in ƙarfen ya yi yawa, shi da kansa zai riƙa cinye gwaurayen kafin su kai ga abin da ake so su ci.

Ina Ruwanmu Da Shi?

Tun daga wajen shekarun 1960 aka fara amfani da haɗin Fenton wajen tsabtace gurɓataccen ruwan masana'antu, musamman na rini da na magunguna da na jima, irin wanda masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano suka daɗe suna fama da shi. Gwauron haidiroksil yana farfasa rini har launi ya ɓace, kayan aikin kuma ba su da wuyar samu. Amma yana barin lakar ƙarfe da sai an san inda za a kai ta, kuma ba ya kawar da ƙarafa masu guba irin kuromiyam da ake jima da shi.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne jikinmu. Baligi yana ɗauke da ƙarfe wajen giram 3 zuwa 4, mafi yawansa a cikin jini. Ƙwayoyin halittarmu kuma kullum suna fitar da ɗan haidirojin feroksaid a yayin da suke amfani da iskar da muke shaƙa. Ke nan kayan haɗin Fenton duk suna cikinmu. Abin da ke tsare mu shi ne jiki ba ya barin su su haɗu. Ƙarfen da ke yawo a jini wani furotin mai suna taransferin yana riƙe da shi, wanda aka adana kuma yana kulle a cikin feritin, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke iya ɗaukar zarrar ƙarfe har wajen 4,500. Shi kuma feroksaid akwai katales, wanda ke mayar da shi ruwa da oksijin nan take. Kumfar da muke gani a kan ciwo aikin katales ce, ba haɗin Fenton ba. Shi kansa katales da ƙarfe yake aiki, amma ƙarfe ne da aka ɗaure, aka yi masa linzami. A yau likitoci da yawa ba sa son a riƙa yawan zuba haidirojin a kan rauni, saboda yana ƙona sabuwar tsokar da ke tohowa.

Matsala tana zuwa ne idan ƙarfe ya fi ƙarfin ma'ajiyarsa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan yaran da ake haifa da ciwon sikila, wasunsu kuma ana yi musu ƙarin jini a kai a kai. Kowace leda ɗaya ta jini tana ɗauke da ƙarfe wajen miligiram 200, alhali abin da jiki ke zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Bayan leda da yawa sai ƙarfen ya taru a hanta da zuciya, ya kuɓuce, ya gamu da feroksaid. Wannan ne dalilin da ya sa ake auna feritin ɗin irin waɗannan majinyata, a ba su magungunan da ke kama ƙarfe su fitar da shi.

Ta wani gefen kuma makamancin wannan aiki yana ceton rai. Maganin zazzaɓin cizon sauro na atemisinin, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tato a Sin a 1972 daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, yana da oksijin biyu masu riƙe da juna kamar na feroksaid. Ƙwayar cutar tana cin jajayen ƙwayoyin jini, tana sakin ƙarfen da ke cikinsu. Wannan ƙarfe ne yake tsinka riƙon, gwauraye su fito su kashe ta daga ciki. Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga magungunan da aka haɗa da atemisinin a 2005, ita kuma Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015.

Gardamar Da Ba Ta Ƙare Ba

Kada mai karatu ya ɗauka an rufe magana. A 1932, shekarar da Haber da Weiss suka fara magana, William Bray da Manuel Gorin a Kalifoniya suka kawo wani bayani dabam. Su a ganinsu ba a sakin wani gwauro. Ƙarfen ne yake karɓar oksijin ɗaya daga feroksaid ya hau wani hali na sama, wanda ya rasa ilektron huɗu, ana kiran sa feril, ana rubuta shi FeO²⁺, kuma shi ne mai yin ɓarnar. Wahalar raba gardamar ita ce dukkan biyun ba sa daɗewa, kuma sau da yawa sawu iri ɗaya suke bari. Abin da gwaje-gwaje da dama suka nuna shi ne, a ruwa mai tsami sosai haidiroksil ne ke rinjaye, in tsami ya ragu kuwa, ko kuma wani sinadari yana riƙe da ƙarfen, alamun feril sukan bayyana.

Jininmu kuwa ba mai tsami ba ne, pH ɗinsa wajen 7.4, kuma cike yake da baikabonet. A 2019 da 2020 rukunin Dan Meyerstein a Isra'ila da na Cynthia Burrows a Jami'ar Yuta ta Amurka suka wallafa sakamakon da ke nuna cewa idan akwai baikabonet a wurin, gwauron da ke fitowa na kabonet ne, wanda bai kai haidiroksil zafi ba amma ya fi shi zaɓen abin da zai ci. Kafin nan, a 2012, ɗakin binciken Brent Stockwell a Jami'ar Kolambiya ta birnin Niyok ya bayyana wata irin mutuwar ƙwayoyin halitta da ƙarfe ke haddasawa ta hanyar lalata kitsen da ke jikin fatarsu, suka sa mata suna ferotosis, ana kuma binciken ko za a iya juya ta a kan ƙwayoyin ciwon daji. A cikin maƙalun da ake rubutawa a kan wannan, matakin da ƙarfe ke gamuwa da feroksaid har yanzu da sunan Fenton ake kiran sa.